Fil a Bakin Baba

Mijina tela ne, kuma tun da na san shi bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen maganarsa ba. Mai kawo ɗinki zai shigo shago ya ce, "Ina so a rage mini..." kafin ya ja numfashi Maigidan ya riga ya ce, "Hannu, na gani, ya yi maka tsawo." Sau da yawa daidai yake cankowa, kuma wannan ne ya ɓata shi. Ni kaina in na fara, "Maigida, gobe fa..." sai ya ce, "Gas ya ƙare, na sani," alhali zancen famfon banɗaki nake shirin yi. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra, shiru ne kawai ba ya iya jurewa. Ko a zaune yake ƙafarsa rawa take yi, kamar har yanzu tana kan keken ɗinki.

'Yarmu ɗaya ce, shekararta shida, tana aji ɗaya. Kowa 'Yar Baba yake ce mata, har ni da na haife ta, don tun tana rarrafe inda yake nan take. Ni a kantin magani nake aiki daga safe har yamma liƙis, saboda haka in an tashi daga makaranta shagon babanta take wucewa. Yana da wata 'yar kujera da ya ajiye mata tsakanin keke da teburin yanka, a nan take aikin gida.

Duk ranar Litinin Malamarsu takan turo saƙo a waya, ta faɗi abin da za a koya a makon da kuma yadda iyaye za su taimaka a gida. In gaskiya za a faɗa, babu uban da ya kai Maigidan ɗaukar saƙon nan da muhimmanci. Makon siffofi, ƙyallaye ya yayyanka mata, mai kusurwa uku da mai huɗu da da'ira, har ta cika jaka ta kai wa 'yan ajinsu. Makon ƙidaya ya juye mata gwangwanin maɓallai a tebur. Makon launuka kuwa ba a magana, zaren shagon duka sai da ta jera shi a ƙasa, wani mai jiran wandonsa ya gaji ya tafi.

Sai aka zo kan karatu. Aka ba su wani ɗan littafi mai hotuna, Malama ta ce kullum yaro ya karanta wa wani babba shafi ɗaya a gida. Kullum da yamma Maigidan zai shigo yana washe baki.

"Yau ma ta shanye shafin kamar ruwa," in ji shi. "Yarinyar nan gadona ta yi."

Ranar Asabar nakan ji su daga kicin, tana karantawa tiryan-tiryan babu gargada. Har na yi wa abokiyar aikina fariya, na ce tawa kam ta wuce wajen.

Abin da ya fara tayar mini da hankali ciwon ciki ne. Kullum da safe, da zarar na ɗauko kayan makaranta, sai ta dafe ciki ta lanƙwashe. Na taɓa goshi, na danna ciki, na duba ido da harshe, ban ga komai ba. Ranar da babu makaranta kuma garau take, har da tsalle a kan katifa. Ina cikin wannan tunani saƙon Malama ya shigo, wannan karon ba na kowa da kowa ba, namu ne mu kaɗai. Tana son ganinmu, mu biyu.

Ajin ba shi da kujerar manya sai ta Malama, don haka muka zauna a kan na yara. Maigidan dogo ne, gwiwoyinsa sun kusa taɓo haɓarsa. Bango cike yake da haruffa da zanen gidaje masu karkatattun ƙofofi. Malamar dattijuwa ce mai magana a tsanake, kalma ɗaya bayan ɗaya, irin wadda Allah ya halitta musamman don ya jarraba mijina.

"'Yarku tana da..." ta fara.

"Ƙwaƙwalwa, Malama. Kowa haka yake faɗa."

"Tana da wata ɗabi'a," ta ƙarasa, ko gezau ba ta yi ba. "Makon jiya na yi mura, na shigo aji da takunkumi a fuska. Na ba ta shafin da ta saba karanta mini, ko kalma ɗaya ta kasa. Ta kalle ni, ta kalle ni, sai hawaye. A nan na gane ni ma ina da laifi, ashe in tana karatu bakina yana motsi ban sani ba. Na daina. Tun daga ranar ba ta sake karanta mini komai ba."

"Tsoro ne, Malama. A shago fa..."

"Bari mu gani. Maman yarinya, ke kada ki kalli littafin. Bakin maigidanki za ki kalla."

Ta kira 'Yar Baba daga waje, ta zaunar da ita tana fuskantar babanta, ta buɗe littafin. Yarinya ta fara zuba karatu. Ni kuwa na zuba wa bakinsa ido. Babu sauti, amma leɓɓansa suna gina kowace kalma kafin ta faɗa, ita kuma idonta ba ya kan takarda sam. Littafin a hannunta yake kawai, shi take karantawa. Malama ta ɗauki wani kwali ta kare bakinsa da shi. Karatu ya tsaya cak, kamar an ɗauke wuta.

Da yarinyar ta koma waje Malama ta ce, "Haruffan duk ta san su. Haɗa su ne ba a taɓa barinta ta yi ba, don kafin ta gwada an riga an ba ta. Ƙarshen zangon nan kowane yaro zai karanta sabon shafi a gaban iyaye, wanda bai taɓa gani ba. In ba ta iya haɗa haruffa ba, ba zan cuce ta in tura ta aji biyu ba. Sai ta maimaita."

Na kalli Maigidan. Ƙawayenta duk su wuce, ita ta zauna da ƙananan da za su shigo, wannan ko ni da na hango shi sai da zuciyata ta yi zafi.

"To me za mu saya?" ya tambaya. "Wani littafin? Allo? Mai koyarwa a gida?"

"Ba abin saye ba ne. Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kalma, ta bi ta gaɓa-gaɓa. In ta maƙale, ku bar ta ta maƙale. In ta yi kuskure ku bari ta kai ƙarshen layi, sannan ku tambaye ta ko maganar ta yi ma'ana. Kada a daɗe, tsawon shan kofin shayi ya isa. Naku aikin shiru ne kawai."

Na kalli mijina na ji dariya da tausayi sun haɗu mini wuri ɗaya. Da cewa ta yi ya ɗinka wa ajin duka riguna kafin gobe, da ya fi masa sauƙi.

Dabarar farko tawa ce. Na kawo masa takunkumi daga kanti, na ce tun da shi ya tona asiri, shi zai yi magani. Ya sa. Da yamma na tambayi 'Yar Baba yadda aka yi, ta ce lafiya lau, Baba yana yi mata "mmm" daga ciki, kuma gemunsa yana nuna mata. Washegari ya ce zai juya mata baya ya fuskanci bango. Ya juya ɗin, amma duk inda ta maƙale sai tari ya kama shi, tarin kuma da gaɓar farko yake fitowa. Ya gwada fita ƙofar shago. Maƙwabcinsa mai gyaran waya ya ce mini ya ga mijina yana kai gwauro yana kai mari a bakin titi, yana leƙe ta taga kamar wanda matarsa ke naƙuda.

Ranar da ya iya danne kansa da gaske, ranar aka yi kuka. Ya shigo gida da ita a kafaɗa, ta yi barci da busasshen hawaye a kumatu. Ya kwantar da ita, ya dawo falo ya kasa zama. Ya ɗauki rimot ya ajiye, ya gyara labule, ya buɗe firij ya rufe bai ɗauki komai ba.

"Cewa ta yi na daina sonta," ya ce. "Wai da ina taya ta, yanzu na daina."

"Za ta saba, Maigida."

"Ni gobe makarantar zan je. In ba su iya koyarwa ba a sake mata wata. Yarinya ƙarama, a ce a zuba mata ido tana shan wahala?"

"To in an sake makarantar fa? Kai ma a yi maka rajista ka zauna gabanta? Ko har jami'a za ka bi ta da bakin naka?"

Ya tsaya ya kalle ni, na san na ɗan wuce gona da iri.

"Ke ba ki ga idonta ba," ya ce a hankali. "Ta maƙale ta ɗago ta kalle ni, ni kuma na san kalmar, tana nan a bakina. Ji na yi kamar na saki hannunta a tsakiyar titi."

Ni ma ɗin hankalina ba a kwance yake ba. A kanti sai in karanta takardar likita sau biyu in sake komawa, in ɗauko sirof in tsaya ina kallon kwalin ina tunanin ko 'yata za ta iya haɗa haruffan da ke jikinsa. Ciwon cikin safe kuwa ƙaruwa ya yi, har ta fara ɓoye littafin a ƙarƙashin katifa. Saƙon Litinin ya shigo, an shiga makon kalmomi masu tsawo, mu ko gajerun ba mu gama da su ba.

Ranar Laraba na kasa haƙuri, na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini kantin, na nufi shago da rana tsaka. Na tarar da wata doguwar mata tsaye a kan ɗan akwati, sanye da sabuwar riga har ƙasa, tana duba agogo tana cewa a yi sauri. Maigidan na durƙushe a gabanta yana kama bakin rigar, ya jera fil a tsakanin leɓɓansa yadda teloli ke yi, yana zaro su ɗaya bayan ɗaya. 'Yar Baba na kan kujerarta, fuska a murtuke, littafi a cinya. Na zauna a kan benci.

"Wa-ta ra-na," take ja da ƙyar, "wa-ta..."

Sai ta maƙale. Na leƙa na ga kalmar, doguwa ce. Maigidan ya sandare. Ya waigo, idanunsa sun fito, amma bakin nan cike yake da fil, ko "mmm" ya yi sai ɗaya ta wuce maƙogwaro. Yarinya ta ɗago ta kalli bakinsa, ba ta ga komai ba sai jerin ƙarafa. Ta juyo wajena. Ni ashe tuni na cusa bakin mayafina tsakanin haƙora na cije, don ni ma kalmar ta taso mini har leɓe.

"Malam, lafiya?" in ji mai rigar. "Ka tsaya."

Fanka na juyawa a sama, a waje wani yana ta danna hon. 'Yar Baba ta tura baki, ta buga ƙafa a jikin kujera, na ce shi ke nan yanzu za a fashe da kuka. Sai ta sunkuyar da kai cikin fushi, ta danna yatsa a kan takardar kamar za ta huda ta.

"Tat," ta ce. "Tat-ta. Ba. Ra." Ta sake bin ta da yatsa. "Tattabara." Ta kalli hoton da ke gefe, ta sake kallon kalmar. "Au, ashe tattabara ce."

Maigidan ya tofar da fil ɗin a tafin hannu. Mai rigar ta ce in ba zai gama yau ba ya gaya mata. Ya koma ya durƙusa, ya ci gaba da aiki a gurguje, har ya soke ta a idon sawu ya yi ta ba da haƙuri.

Daga ranar, da zarar lokacin karatu ya yi sai ya ɗebi fil ya jera a baki, ko da aiki ko babu. Na yi faɗa har na gaji. Na ce ni na san abin da fil ke yi a cikin mutum, ba zan yi jinyar ganganci ba. Ya ce shekara da shekaru yana yi bai haɗiye ba, sai yanzu da abin ya zama na amfani zan hana shi. 'Yar Baba kuwa ta mai da abin doka. "Baba, sa fil ɗinka, zan fara," take cewa.

Ba wai daga nan komai ya tafi sumul ba. Wata rana ta yi layi huɗu, wata rana ta yi jifa da littafin bayan teburin yanka. Karatun nata ya zama mai jan ƙafa, babu daɗin ji, ba kamar na da ba. Na riƙa kawo mata kwalayen magani da babu komai a ciki, tana bin manyan haruffan da yatsa. Ta karanta jikin gwangwanin madara, ta karanta abin da aka rubuta a bayan motar ɗaukar ruwa. Amma ko yaushe ta maƙale sai ta fara ɗagowa ta duba bakin babanta tukuna, ta ga fil, sannan ta koma. Wannan ɗagowar ita ke hana ni sukuni, don a aji babu mai ba ta lokacin yin haka sau goma.

Ranar karatun, tun da sassafe Maigidan ya canza riga sau biyu. A ƙofar makaranta na ga aljihunsa ya ɗan tasa, na sa hannu na zaro ƙullin fil.

"Ajin ƙananan yara za ka shiga da wannan?"

"Uwargida, guda uku kawai."

"Ko rabi."

Na jefa a jakata. Muka shiga muka sake naɗewa a kan ƙananan kujerun nan, iyaye cike da aji, zafi ga warin alli. Ƙafarsa ta fara rawa har teburin gabanmu na amsawa, na dafe masa gwiwa. Yara suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya. Wani ya karanta da ƙarfi kamar mai shela, wata ta yi kuka aka ce ta huta ta dawo. Duk yaron da ya maƙale sai in ga leɓen mijina ya fara motsi, in zungure shi.

Aka kira 'Yar Baba. Malama ta miƙa mata takardar, ta koma gefe ta rufe bakinta ruf. Maigidan ya haɗe leɓɓansa ya tura su ciki har suka ɓace, ya miƙe wuya yadda in ta ɗago za ta gan shi sosai, ta ga babu komai a wurin.

Ta ɗora yatsa ta fara. A hankali, gaɓa-gaɓa, muryarta ƙasa-ƙasa. Labarin wata akuya ce da ta shiga gidan da ba nasu ba. A layi na biyu ta ce "kofi" a maimakon "ƙofa", ta kai ƙarshen layin, ta tsaya, ta yamutsa fuska.

"Akuya ba ta shiga ta kofi," ta gaya wa takardar, ta koma ta gyara. Wasu iyaye suka yi dariya.

Can wajen ƙarshe ta ci karo da wata doguwa, ta tsaya. Shirun ya yi tsawo. Wani uba ya yi gyaran murya, wani yaro ya fara raɗa mata daga baya, Malama ta ɗaga masa yatsa ya yi tsit. Maigidan ya damƙi wuyan hannuna har na ji zafi. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi na bin gefen kunnensa, duk jikinsa ya karkata gaba yana jiran ta ɗago. Ni ma jira nake.

Kanta na sunkuye. Yatsan ya koma farkon kalmar, ya taho, ya sake komawa.

"Ma-ƙwab," ta ce. "Ma-ƙwab-ci-yar-mu. Maƙwabciyarmu."

Ta wuce abinta, ta kai ƙarshen shafin, ta miƙa wa Malama takardar. Malama ta dafa kanta, ta kalle mu ta gyaɗa kai. Da aka tashi ta tare mu a ƙofa ta ce a fara neman littattafan aji biyu, kuma kada a daina shafin nan na kullum ko a lokacin hutu.

Muka kamo hanyar gida a ƙafa. 'Yar Baba ta ƙwace hannunta ta yi gaba, jaka na tsalle a bayanta. Ni farin ciki ya cika ni har ina jin kamar in tare masu wucewa in ba su labari. Maigidan kuwa tafiya kawai yake, hannuwa a aljihu.

"Maigida, ka ga yadda ta..." na fara, na dakata don ya ƙarasa kamar kullum.

Bai ƙarasa ba. Muka wuce shagon mai gyaran waya, muka wuce wurin wankin mota.

"Ba ta kalle ni ba," ya ce. "Na shirya mata bakin nan tsaf. Ko sau ɗaya ba ta ɗago ba."

Murna yake yi, na sani, amma abin ya taɓa shi inda bai zata ba, ni ma sai na ji idona ya kawo ruwa. Na ciro ƙullin fil ɗin daga jaka na miƙa masa. Ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu.

A gabanmu yarinyar ta tsaya a gindin allon wani kanti, ta ɗaga kai, ta miƙa yatsa sama tana bin haruffan daga nesa. Ta gama ta ruga zuwa na gaba, ba ta waiwayo ba. Maigidan na biye da ita a baya, leɓɓansa na motsi a hankali yana karanta allunan tare da ita, kuma babu mai kallon bakin nasa sai ni.